Mma, Na Canza wa Kwamfutarki Gidan Faifai

Zuwa ga mahaifiyata Hajiya Hawa, wadda muke kira Mma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin ta ɗiya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mu nan Gurugu lafiya lau muke, sai kewa. Damina ta zauna sosai bana. Yaya Sadiku yana Kumasi da iyalinsa, kowa ƙalau. Ni kuma na gama jami'a, an ba ni takardata, na fara hidimar ƙasa a wani ɗakin gwajin jini da ke Jisonayili.

Na san ba za ki karanta wannan ba. Na kuma san masu bin shafina za su karanta. Su yi haƙuri, ba da su nake ba. Ke kika koya mini cewa wanda ya taɓa kayan wani ya faɗa da bakinsa kafin a tambaye shi. To, na taɓa kayanki. Na kwance tsohuwar kwamfutar nan baƙa, wadda Yaya ya gama da ita ya ba ni, na gama da ita na bar miki. Gidan faifanta ne ya mutu, wato ɗan akwatin nan na gefen dama da tire ke fitowa daga cikinsa ki ɗora faifai. Na cire shi na sa wani. Saboda Baba na yi, kuma zan faɗa miki komai yadda ya faru, ba ragi ba ƙari.

Kin fi ni sanin safiyar Juma'a a gidanmu. Ki share ɗaki, ki shimfiɗa tabarma, Baba ya yi wanka ya sa farar rigarsa ya zauna jikin bango. Ki yaye wa kwamfutar ƙyallen nan mai aikin zare da kika ɗinka mata, ki ɗauko faifan karatun mahaifinki, Malam. Kaset guda ne tak aka taɓa ɗauka na karatunsa a wani azumi tun kafin a haife ni, da kukan zakara da tarin tsofaffi a ciki. Yaya ya kai aka juye shi a faifai, daga baya kaset ɗin ya ɓata a ƙaurar da muka yi. Faifan nan kaɗai ya rage.

Kafin ki saka shi sai kin hura gawayi a kasko, kin zuba turare. Ki riƙe faifan da yatsu biyu ki zagaya da shi a kan hayaƙin, sannan ki ajiye kaskon daf da gefen da tiren ke fitowa. Na taɓa tambayarki dalili, kika ce, “Ta nan yake shigowa. Ba a karɓar malami a ɗakin da ba ƙamshi.”

Iyakar abin da na sani ke nan, don da an fara karatu kike kora ni in je in buɗe miki shagon man kaɗe a bakin titi. Ni ce mai tsaron shago duk Juma'ar da nake gida, domin ku samu ku zauna ke da Baba. A lokacin ina jin haushi. Yanzu da za ki sake aike na, da gudu zan tafi.

Bayan rasuwarki, ina can ina fama da shekarar ƙarshe, Gwaggo Azara ƙanwar Baba ce ta riƙa zuwa daga Vittin tana kunna masa. Ta bi tsarinki sak, har turaren. Ana saura kaɗan in dawo gida gaba ɗaya, abin ya tsaya. Ta danna maɓalli, ya yi wata ƙara kamar ana tauna tsakuwa, ya yi shiru. Tiren ya ƙi fitowa, faifan Malam kuma yana ciki.

Mma, Baban da na tarar ba shi ne wanda kika bari ba. Idanunsa dai kin san sun yi hazo tun kina nan, amma yanzu har maganar ta ragu. Mutumin da ya shekara da shekaru yana jan babbar mota da doya zuwa Ankara can bakin teku, wanda in ya fara labarin hanya sai an roƙe shi ya yi shiru. Duk safiya tambayarsa ɗaya: “Yau Juma'a ce?” In Juma'ar ta zo ya yi wanka, ya sa farar riga, ya zauna jikin bango yana fuskantar inda kwamfutar take. Bai taɓa cewa in gyara ba. Zama kawai yake yi har a kira salla, kokonsa da ƙosansa su huce a gabansa. Daga baya abin ya wuce Juma'a, ya shiga sauran kwanaki. Rigunansa suka fara yi masa yawa. Na auna hawan jininsa da sukarinsa, na kai shi aka duba, ba a ga wani sabon ciwo ba. Ni mai aikin gwaji ce, in ban ga abu a takarda ba hankalina ba ya kwanciya. Wannan karon takardar ta fito fes, hankalin nawa kuma ya ƙara tashi.

Na gwada kunna masa karatu a waya, na manyan makaranta masu murya kamar ruwan sanyi. Ya saurara da ladabi har ƙarshe, ya ce, “Allah ya saka masa. Amma wannan bai san mu ba.”

Yaya ya ce in ɗauki kwamfutar dungurungum in kai gari a ciro faifan a juye shi a waya, magana ta ƙare. Gaskiyarsa. Amma da na tuna ramukan hanyarmu a damina, na ga kaina a bayan babur rungume da muryar Malam guda ɗaya a duniya, na ga wani yaron shago yana ɓamɓarar tiren da wuƙa yana hira da abokinsa, sai na ƙi. Kin san ni. Ke ce kike cewa, “Rukayya, ke ko ƙwai aka ba ki sai kin tambayi sunan kazar.” Na ce faifan nan ba zai fita daga ɗakin nan ba.

Na yi karatu a kan abin sosai kafin in taɓa shi. A fuskar tiren akwai wani ɗan rami, ƙanƙane kamar hujin kunne, an yi shi ne don irin wannan rana. Na miƙar da ɗan ƙarfen maƙala takarda, na kashe kwamfutar, na yi bisimilla, na tura shi a hankali. Na ji wani abu ya saki a ciki. Tiren ya leƙo kaɗan, na jawo shi da farce. Ga faifan nan zaune, da rubutun hannun Yaya a bayansa. Na ɗauke shi na ajiye a cikin robarsa.

Daga nan na cire wayar wuta daga bango, na zare batir, na taɓa ƙarfen taga don in sauke wutar da ke jikin mutum, na kifa kwamfutar a kan tawul. Sukuru ɗaya ne kawai ke riƙe da gidan faifan daga ƙasa. Ɗaya tak, Mma, abin da ya hana gidanmu sukuni. Na kwance shi na sa a murfin kwalba, na ja akwatin, ya zamo ya fito kamar aljihun tebur.

Sai ƙamshinki ya tashi.

Ban shirya masa ba. Zannuwanki an raba wa 'yan'uwa kamar yadda aka saba, ɗakin an yi masa fenti, turaren da Gwaggo ke kawowa kuma ba irin haɗinki ba ne. Na ɗauka ƙamshin nan ya bar duniya tare da ke. Ashe yana nan a ɓoye cikin ƙarfe, inda tsintsiya da ruwa ba su kai. Na zauna a ƙasa da akwatin a cinyata, ina shaƙarsa.

Da na dawo hayyacina na haska cikinsa da fitilar waya. A ciki akwai wani ɗan ido na gilashi, shi ke haska faifai ya karanta abin da ke jikinsa, yana tafiya a kan wasu siraran ƙarafa biyu. Duk sun yi ja-ja, sun yi danƙo, kamar bangon kicin da aka daɗe ana girki da itace. Ba ƙura ba ce. Hayaƙin turare ne, Juma'a bayan Juma'a, yana shiga ta bakin tiren yana kwanciya. Na goge idon da auduga da sifirit, ya yi haske. Na mayar na gwada da wani faifan da ba na jin asararsa. Ya juya, ya juya, ya gaji. Hasken da ke cikin idon ya riga ya raunana, wannan kuwa ba a goge shi.

Ban iya ƙarya ba, ko a takarda. Ke kika kashe na'urar nan, Mma. Da ladabi kika kashe ta, da girmama baƙo. Na yi dariya ni kaɗai har hawaye ya biyo baya, don na san abin da za ki ce: “To ita ma ai ta samu albarka.”

Neman wani ya fi cirewar wuya. Irin waɗannan akwatuna kala-kala ne. Akwai mai kaurin milimita tara da rabi, akwai mai goma sha biyu da ɗigo bakwai. Na auna naki har sau biyu, mai kaurin ne. Bakin da yake haɗuwa da kwamfutar ma iri biyu ne, tsohon yayi da sabo. Naki sabon ne duk da tsufanta, na gode Allah. Na rubuta wa Yaya komai dalla-dalla, har da hoto. Ya ba wani ya sayo, aka sako a motar Kumasi. Da na buɗe sai ga siririn. Yana shiga, amma yana rawa a ciki kamar ƙafar yaro a takalmin babansa. Na kira Yaya ina faɗa, ya ce, “Haba ƙanwata, milimita uku ne fa.” Na ce milimita uku da ɗigo biyu. Ya kashe wayar yana dariya.

Na koma bin shagunan gyara da ƙafata, tsohon akwatin a jaka. Wasu suka ce an daina yayinsa. Wani ya ce in sa ma'ajiyar bayanai a gurbinsa, kwamfutar za ta fi sauri. Wani ya ce in sayi na waje, mai igiya, a jona kawai. Wannan shawara ce mai kyau, na kuma yi tunaninta. Amma Baba da kunne yake gani yanzu. Ya san ƙarar tiren nan in ya fito, ya san ɗan gurnanin da faifai ke yi kafin Malam ya yi gyaran murya. Na so komai ya dawo masa daga inda ya saba jin sa.

A wani lungu kusa da kasuwar Aboabo na samu wani mutumin kudu, ana ce masa Bra Kwesi, shagonsa cike da matattun kwamfutoci har rufi. Ya karɓi akwatin, ya juya shi, ya kai hanci, ya ɗago ya dube ni. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, “Ei, madam! Wannan daga kwamfuta ka cire, ko daga masallaci?” Na ba shi labari a taƙaice. Bai yi dariya ba. Ya ce tasa uwar ma har ta rasu tana shafa wa rediyonta man zaitun na coci, wai don kada ya kawo mugun labari. Ya hau kan kujera ya yi ta sauke kwamfutoci har ya samo 'yar'uwar taki, allonta a fashe, gidan faifanta lafiya. Na sa ya gwada shi a gabana kafin in karɓa.

Da zan tafi ya ce in bar masa tsohon, masu sayen ƙarfen kondem, wato wanda ya gama aiki, suna zuwa. Na ce a'a tun bai rufe baki ba. Yana cikin leda biyu yanzu, a ƙasan akwatina. Ba na yawan buɗewa, ina tsoron ya ƙare.

A gida na kwance ɗan ƙarfen da ke bayan tsohon, wanda sukurun nan ke kamawa, na ɗaura wa sabon. Na ɓalle fuskar robar tsohon a hankali, ina jin kamar haƙori nake cirewa, na maƙala ta a gaban sabon. Don haka in kin duba daga waje ba abin da ya canza. Har 'yar goguwar da babban yatsanki ya yi wa maɓallin tana nan. Na tura shi ya zauna daram, na ɗaure, na mayar da batir. Na goge faifan Malam da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Na saka. Ya karanta. Nan take na juye karatun a cikin kwamfutar, na sa a wayata, na aika wa Yaya. Yanzu ko faifan ya fashe, muryar ba za ta ɓata ba.

Juma'a ta zo. Na share ɗaki, na shimfiɗa tabarma, na hura gawayi. Kaskon kuwa na ajiye shi can bakin ƙofa, don na ga abin da hayaƙi ke yi da idona. Baba ya ɗaga hanci ya ce, “Kin nisanta shi.” Na ce saboda na'urar ne. Ya ce, “Na'urar ce baƙon?” Na matso da shi tsakiyar ɗaki, na kuma buɗe taga ta ɗaya gefen. Faifan dai ban zagaya da shi a kan hayaƙi ba. Ki yafe mini wannan.

Na danna maɓalli. Tiren ya fito da ƙararsa, Baba ya gyara zama. Malam ya yi gyaran murya, zakaran nan ya yi cara, karatu ya fara. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na zauna har ya yi nisa. Na ga leɓen Baba yana bi. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Na ce a raina, alhamdu lillahi, na gama aikina.

Can tsakiyar karatun sai ya ɗaga hannu, ya juya fuskarsa wajen da kike zama, ya ce a hankali, “Maman Sadiku, ga wurin.”

Malam bai tsaya ba. Ya wuce da karatunsa sumul, aya bayan aya. Hannun Baba ya daɗe a sama kafin ya sauko.

Sai bayan an shafa addu'a ya faɗa mini abin da ban sani ba, ina can shago duk shekarun nan. Ashe akwai wani ɗan ƙarce a faifan. Tsohon gidan faifan in ya zo nan sai ya tsaya cik, ya yi ta lalube, sannan ya tsallake aya guda ya ci gaba. Ke kuma ba kya yarda a bar giɓi a karatu. Duk Juma'a, in ya yi shiru, sai ki karanta ayar da bakinki, da irin karin mahaifinki, kina gamawa shi kuma yana kamawa. Bayan tafiyarki na'urar ta ci gaba da tsayawa a wurin. Gwaggo ta ɗauka lalacewa ce kawai, takan yi tsaki ta jira. Shi kuwa wannan shirun yake yi wa wanka ya sa farar riga. Ya ce, “A nan nake jin ta.”

Sabon idon yana da ƙarfi, Mma. Ƙarcen bai dame shi ba. Na auna kauri, na duba baki, na kiyaye kowane sukuru, na kuma toshe wurin da kike shigowa.

Baba bai yi fushi ba. Ya lalubo kaina ya dafa, ya ce, “Kin gyara, Allah ya yi miki albarka. Gyaran ne ya ɗan yi yawa.” Ranar ya kurɓi kokon kaɗan, don kada in ji ba daɗi. Na gane don ni ya sha.

Na yi kwanaki ina juya abin. Na yi tunanin haddace ayar in riƙa karantawa a wurin, har na fara. Amma muryata ba taki ba ce, kuma ba murya ya ce ya rasa ba. Na koma na saurari karatun ni kaɗai, na nemo daidai gaɓar da ya ɗaga hannu, na riƙe ta.

Juma'ar da ta biyo na zauna kusa da kwamfutar, yatsana a kan maɓallin tsayarwa. Na kasa kunne. Da Malam ya kai ƙarshen ayar da ke gabanta, na danna. Ɗakin ya yi tsit. Ana jin wucewar yalo-yalo, babur mai ƙafa uku, a titi, ana jin ɗigar ruwa daga indararo. Baba ya sunkuyar da kai. Ban duba agogo ba, karo na farko da na bar abu ban auna shi ba. Fuskarsa na kalla. Da ya gyaɗa kai, na saki, Malam ya karanta ayar da shi Baba ya yi shekaru yana jin ta a bakinki.

Ya yi murmushi ya ce, “Yau ita ta fara, Malam ya biya mata. Bai kuwa samu gyara ba.” Sannan ya ce in ɗumamo kokon, in ƙaro ƙosai, kuma wai na taɓa jin labarin ranar da tayarsa ta fashe a kan gadar Yapei da doya cike da mota? Na ji shi ya fi a ƙirga. Na ce ban taɓa ji ba.

Haka muke yi yanzu kowace Juma'a. Ina tsayarwa, ba na cewa komai. Wurin naki ne.

Ya Allah ka jiƙan Mma, ka haskaka kabarinta, ka sanya shi dausayi daga dausayoyin Aljanna. Ka ba ta ladan kowace aya da ta cike don kada a bar giɓi. Ka haɗa ta da mahaifinta a inda karatu ba ya yankewa. Ka ƙara wa Baba lafiya da haƙuri, ka bar mana shi mu daɗe muna jin labarin hanya. Ni kuma ka sassauta mini wannan tsoron nawa, ka sa in gama da duniya kana yarda da ni, ita ma tana yarda. Amin.

Ki huta lafiya, Mma.

Ɗiyarki mai kewarki,
Rukayya,
Gurugu, Tamale.